Yaro ya zo koyon Python, ya ƙare da kokawa da pip

Ranar Asabar ƙanina ya zo gidana da kwamfutarsa, yana so ya fara Python, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta. Ɗan shiri muka yi niyya, wanda zai ɗauko bayanai daga intanet da laburaren requests, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta don irin wannan aiki. Tun bayan azahar muka zauna, har aka kira la'asar bai rubuta layi ɗaya ba. Ya buga pip install requests (pip shi ne abin da ke sauko wa Python da irin waɗannan kaya), baƙin allo ya ce bai san wani pip ba, saboda lokacin saka Python bai danna ɗan akwatin nan na PATH da ke ƙasa ba, wanda ke nuna wa kwamfuta inda Python da pip suke. Muka gyara, kaya suka sauka, sai shirin ya ce babu requests. Ashe Python biyu ne a kwamfutar, pip ya zuba kayan a ɗaya, shi kuma yana tada ɗayan. Ya ɗago kai ya ce min, "Yaya, anya wannan harkar tawa ce?"

Wannan tambayar ta tsaya min a rai, domin yaron bai yi laifin komai ba.

Masu Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, su ma ba su tsira ba. Tun 2023, a Debian 12 da Ubuntu 23.04, nau'o'in Linux guda biyu, idan ka buga pip install kai tsaye sai ya ƙi, ya ce externally-managed-environment. Hujjar mai kyau ce, ana kare Python ɗin da na'urar kanta ke dogaro da shi. Amma sabon shiga bai san haka ba. Zai yi bincike, ya ci karo da --break-system-packages, wanda ke tsallake wannan kariyar, ya liƙa, ya wuce. Maganin gaskiya shi ne venv, wato keɓe wa kowane aiki nasa ɗakin kaya, kuma yana cikin Python tun 2012. Sai dai umarnin kunna shi a Windows daban, a Linux daban. Ga conda, ga poetry, ga pipenv, duk kayan yin irin wannan aikin ne, kowane bidiyo da wanda yake koyarwa. Wani ya ce maka ka sauke Anaconda, kunshin Python da tarin laburare da ya kusa gigabait guda, kai da ke sayen data da kuɗin abincinka.

Ina girmama masu kula da pip, yawancinsu aikin sa kai suke yi. Duk da haka a duba Rust, wani yaren rubuta shirye-shirye: tun fitowar 1.0 a 2015 tare yake da Cargo, abin da ke sauko masa da kaya, ƙofa ɗaya ga kowa. Python ma ya samu irinsa, wani kayan aiki mai suna uv da ya fito a Fabrairun 2024. Ka buga uv init, uv add, uv run, shi zai gina maka ɗakin kayan, har Python ɗin yana iya saukar maka, kuma abin da ya taɓa saukewa yana ajiyewa.

Roƙona ga masu ƙera waɗannan kayan aiki: idan abu ya ƙi, saƙon ya faɗi a taƙaice me za a buga. Mu kuma masu koyarwa, mu zaɓi hanya ɗaya a makon farko, mu bar sauran sai ɗalibi ya yi ƙwari.

Bayan magariba muka saka uv. Minti biyar ba a yi ba shirin ya tashi, rubutun shafin ya cika masa allo. Asabar mai zuwa zai dawo da abokinsa.