Baba Sarjan ya tafi, kuma ni ba zan ɓoye maganar giyar ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'ar Birni da Zango da duk wanda ya san shi a Damagaram, Allah ya yi wa Baba Sarjan rasuwa, tsohon sojan nan mai zama gindin bedi kusa da masallacin unguwarmu. Ya haura shekara casa'in. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne wata magana da na ji a wajen zaman makoki. Wani dattijo ya fara ba da labarin yadda Baba ya bar giya, sai aka yi caa a kansa, wai a rufa wa mamaci asiri, a faɗi alherinsa kawai. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma wallahi ban yarda ba. Mutumin nan da bakinsa yake ba da labarin, gaban yara gaban manya, bai taɓa sunkuyar da kai ba, kuma in ana lissafin alherinsa to barin giyar nan da tsayuwar da ya yi shekara hamsin bai koma ba su ne a sahun gaba.

Yaran yanzu sun san shi ne da carbi da sanda, ba su san inda ya fito ba. Zamanin nasara aka ɗauke shi soja yana saurayi, cikin waɗanda Faransa ke kira tirayer senegale ko da mutum ɗan Nijar ne ko ɗan Mali. Aka kai shi yaƙin Aljeriya, wanda aka fara 1954 aka gama 1962. Yana cewa abin da ya fi damunsa can ba sanyin duwatsu ba ne, kiran salla ne da yake ji daga ƙauyen da aka ce su kewaye, musulmi ne kamarsa, shi kuma yana riƙe da bindigar nasara. Nan ya fara sha. Abokai suka ce kurɓa ka samu barci, ya kurɓa, barcin ya zo, shi ke nan. Da Nijar ta samu 'yanci a 1960 aka kafa rundunar ƙasa a 1961, ya dawo gida ya shiga ciki, ya dawo da lambar yabo ya dawo da kwalba.

Ga kuma zaluncin fansho. Faransa ta yi doka a ƙarshen 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mulka, sojan Faransa kuɗinsa na ƙaruwa duk shekara, wanda suka kwana rami ɗaya da shi daga Afirka nasa na nan inda yake. Sai 2007 aka daidaita wani ɓangare, 2011 aka daidaita sauran, lokacin da yawancin ansiyan kombatan ɗin, wato tsofaffin sojojin, sun riga sun kwanta dama. Baba ya ga gyaran da idonsa amma yana tsoho tukuf, kuɗin ma yawanci hatsi ya riƙa saye da su yana rabawa.

Yadda ya bari kuwa, lokacin yunwar 1973 zuwa 1974 ne, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar, sojoji na rakiyar motocin hatsi zuwa arewa wajen Tanut. Ya ce wata safiya ya tashi da ragowar maye, wata tsohuwa ta miƙo ƙwarya a zuba mata dawa, hannunsa na rawa har ya zubar da rabin tiya a ƙasa, matar ta durƙusa tana tsince ƙwaya ɗai-ɗai cikin rairayi, ba ta ce masa komai ba sai “Allah ya shirye ka ɗana”. Daga ranar bai ƙara ba. Kuma bai taɓa cewa abin ya zo da sauƙi ba, ya ce ya yi kwanaki yana zufa yana karkarwa, barci ya ƙaurace, yana ganin abubuwa a bango, sai da likitan bariki ya riƙe shi. Shi ya sa duk wanda ya daɗe yana sha ya zo masa da niyyar bari, yakan ce masa tuba tsakaninka da Allah ne amma jikinka kai shi likita.

Abin da na gani da idona tun ina yaro: kun san matsalar ruwa a garin nan, to Baba ne ke cika randar masallaci. Tun kafin assalatu za ka ji ƙarar bokiti, in famfo bai kawo ba ya sayi garwa da kuɗinsa, ya jera butoci a layi bakinsu duk na kallon gefe guda kamar sojoji a fareti. In yaro ya ɗauki buta ya yar a ko'ina ba ya faɗa, zai bi ya ɗauka ya mayar. Karatu bai yi nisa ba, da furfurarsa ya koma gaban malam da allo yana biya ƙananan surori tare da almajirai, ba ya jin kunya.

Sai kuma yaranmu. Kowa ya san abin da tramol ya yi wa Damagaram, daga 'yan kabu-kabu har masu dako har 'yan lakwal, ƙwayar da likita ke bayarwa miligiram 50 ne, su kuma ta 120 da 225 suke watsawa cikin kofi, ga wiwi ga sholisho. Mu me muke yi? Mu tsine, mu ce ɗan iska, mu kira komisariya, uba ya kori ɗansa daga gida sai 'yan fale, wato gungun matasan daba, su karɓe shi hannu biyu, in ya shiga kaso ya fito ya fi da. Baba shi kaɗai na gani yana kiransu su zauna kan tabarmarsa ya dafa musu shayi. Wata rana wani yaro ya faɗi bakin titi yana farfaɗiya, kumfa na fita, mutane sun yi da'ira suna kallo wasu ma na ɗauka a waya, tsohon nan ya jefar da sanda ya durƙusa ya juya shi ta gefe, ya cire rawaninsa ya tallafe masa kai har ya dawo hayyacinsa. Da yaron ya buɗe ido abin da ya fara ce masa shi ne “jikana ka ci abinci yau?” Yaron ya ce a'a Baba. Ya aika aka sayo masa fura.

Akwai masu cewa yana sangarta su. Ba sangarta ba ce, don na ji shi yana gaya musu gaskiya mai ɗaci, yana karanta musu aya ta 90 a Suratul Ma'ida, ya ce haramun ne babu kwana-kwana. Amma yakan tuna wa manya cewa Allah da kansa bai hana giya dare ɗaya ba, sai da aka fara da ayar Baƙara, sannan ta Nisa'i da ta ce kar a kusanci salla cikin maye, sannan hani ya sauka. Kuma yana son labarin sahabin nan da ake ta kawowa ana yi masa bulala kan giya, da wani ya tsine masa Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin na son Allah da Manzonsa. Malamanmu sun san hadisin nan sarai, ni dai ban cika jin shi a wa'azi ba in ana maganar 'yan ƙwaya, sai wuta da azaba, yaron da ake yi dominsa kuma ba ya ma cikin masallacin.

Ba duka ya ceto ba. Wasu sun sha shayinsa sun koma, ɗaya ma ya sace masa rediyo, da ya dawo bayan wata biyu ya matsa masa wuri a tabarma. Amma na san magidanta a unguwar nan masu mata da 'ya'ya da sana'a waɗanda a wajen Baba suka fara faɗin “ina so in bari”, saboda sun san wanda suke gaya wa ya taɓa karkarwar da suke yi. Su ne suka haƙa kabarinsa, su suka hana kowa taɓa makara.

Don haka masu cewa a yi shiru, ku yi haƙuri, iyayena ne ku amma a nan mun saɓa. In muka goge giyar daga tarihinsa, yaron da ke da ƙwaya a aljihu yanzu zai ɗauka Baba waliyyi ne aka haifa, ba irinsa ba. Akwai tubabbu da yawa a garin nan masu furfura da ke ɓoye abin da suka wuce don tsoron bakin mutane, alhali su ne yaran za su saurara. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu zauna da liman kan wanda zai ci gaba da ruwan masallaci da shayin yaran, duk ɗan unguwa da ke da niyya ya zo, har da waɗanda ba su kai ga bari ba tukuna.