Rikicin zanga-zanga a Amurka: an bar jaki ana dukan taiki

Umarnin da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 22 ga Satumba, 2025, wanda ya ayyana Antifa, wato gungun masu ra'ayin hagu da ke fitowa adawa da aƙidar fasisanci da wariyar launin fata, a matsayin ƙungiyar ta'addanci ta cikin gida, ya mayar da wata tsohuwar da'awa ta zama manufar gwamnati. Da'awar ita ce, duk lokacin da masu aƙidar fifita farar fata suka yi gangami aka zubar da jini, alhakin yana wuyan waɗanda suka fito yi musu raddi, domin da sun zauna a gida da ba a yi rikici ba. Umarnin ya zo kwana 12 bayan harbe Charlie Kirk, fitaccen mai fafutukar ra'ayin riƙau kuma na hannun daman Trump, a jihar Utah, a daidai lokacin da zukata suke tafasa, kuma bai damu da cewa dokar Amurka ba ta tanadi hanyar yi wa ƙungiyar cikin gida irin wannan tambari ba. Christopher Wray, wanda Trump da kansa ya naɗa shugaban hukumar binciken manyan laifuka ta FBI, ya shaida wa majalisa a 2020 cewa Antifa aƙida ce, ba ƙungiya mai shugabanci da tsari ba. Ku Klux Klan kuwa, ƙungiyar masu fifita farar fata mai tarihin kisan baƙaƙen fata na fiye da shekara 150, har yau babu wanda ya rubuta mata irin wannan umarni.

Wanda yake son auna wannan da'awa ya koma garin Charlottesville na jihar Virginia, domin a can aka fi tsefe lamarin a gaban kotu. A watan Agusta na 2017 ƙungiyoyin 'yan Nazi da na Klan da makamantansu suka taru don nuna adawa da shirin cire mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, jagoran dakarun Kudu masu kare bauta a yaƙin basasa. A daren 11 ga wata sun ratsa harabar Jami'ar Virginia riƙe da sanduna masu ci da wuta, suna rera cewa Yahudawa ba za su maye gurbinsu ba. Washegari suka fito da garkuwa da kulake da hulunan kwano, wasu kuma da bindigogi rataye a kafaɗa, tunda dokar jihar ta yarda a ɗauki bindiga a bainar jama'a. Bayan azahar James Fields, wanda ya tuƙo mota tun daga jihar Ohio don halartar gangamin, ya afka cikin taron masu raddi, ya kashe Heather Heyer mai shekara 32, ya raunata mutane da dama. Kwana uku bayan haka Trump ya ce akwai mutanen kirki a ɓangarorin biyu. Magoya bayansa suna yawan tunatarwa cewa a jawabin ya la'anci 'yan Nazi, sai dai har yanzu ba su nuna mana mutumin kirkin da ya yi tattaki a tsakiyar masu waccan rera ba.

Kafin rikici ya ɓarke babu wanda ya toshe wa masu gangamin baki, kuma wannan ne wurin da hujjar masu cewa an tauye musu 'yancin faɗin albarkacin baki take rushewa. Hukumar gari ta so mayar da taron wani fili mai faɗi a wajen tsakiyar gari, sai ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta tsaya wa Jason Kessler, wanda ya shirya gangamin, kuma alƙalin kotun tarayya ya ba shi gaskiya ana gobe taro. Dokar Amurka a wannan fanni tana da sassauci ƙwarai. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1969 a shari'ar Brandenburg, wanda shi ma jagoran Klan ne, gwamnati ba ta da ikon hukunta magana sai idan an yi ta da nufin tunzura jama'a su karya doka nan take, kuma akwai alamar za su karya ɗin. Saboda haka sun samu izini da fili, kotu kuma ta mara musu baya. Abin da ya kai su gaban alƙali daga baya shi ne shirin da suka ƙulla kafin su zo.

Mutum tara daga cikin waɗanda abin ya shafa sun shigar da ƙara, kuma a shari'ar aka karanta saƙonnin da masu shirya taron suka riƙa aika wa juna a manhajar Discord, inda suke tattauna irin makaman da za a zo da su, har da barkwanci kan take masu zanga-zanga da mota. A watan Nuwamba na 2021 kotu ta same su da laifin haɗa baki a ƙarƙashin dokar Virginia, ta ɗora musu diyyar sama da dala miliyan 25, ko da yake daga baya an rage kuɗin. Fields kuwa yana zaman ɗaurin rai da rai. Mutumin da ya shafe makonni yana tsara yadda za a fasa kawunan mutane ba zai fake da kundin tsarin mulki ba don kawai ya haɗa da jawabi, kuma ita kanta ACLU ta fahimci haka, domin kwanaki kaɗan bayan kisan ta sanar cewa ba za ta ƙara tsaya wa ƙungiyar da ta nace sai ta yi gangami da bindigogi ba.

Akwai mai laifi na biyu da masu cewa laifin na kowa ne ba sa son a ambata, wato hukuma. Binciken da tsohon mai gabatar da ƙara na tarayya Timothy Heaphy ya jagoranta, wanda aka fitar a watan Disamba na 2017, ya nuna cewa 'yan sanda sun tsaya a bayan shinge suna kallo ana dambe, sannan da aka haramta taron saboda rikicin sai suka koro masu gangamin daga filin zuwa tsakiyar masu raddi. Titin da Fields ya bi, an janye jami'ar da ke tsaronsa ba a maye gurbinta ba, aka bar shingen katako guda ɗaya. Shugaban 'yan sandan garin ya ajiye aiki a wannan watan. Raba taro biyu masu gaba da juna shi ne aiki na farko da ake koya wa mai kula da zanga-zanga, kuma gwamnatin da ta kasa yin sa ba ta da bakin tuhumar wanda ya fito da kwali a hannu.

Gaskiya ne a cikin masu kiran kansu Antifa akwai 'yan daba, kuma ɗaya daga cikinsu ya harbe wani mai ra'ayin riƙau har lahira a birnin Portland a watan Agusta na 2020. Kisa laifi ne da doka ta san hukuncinsa, ba ya buƙatar umarnin shugaban ƙasa. Masu son a haramta gangamin masu tsattsauran ra'ayi gaba ɗaya kamar yadda Jamus ta haramta tutar Nazi su ma suna mafarki, domin ikon da suke so a ƙirƙira hannun mai mulki na yau zai shiga. Abin da ake buƙata bai kai haka ba: a hana shiga taron siyasa da makami ko daga wane ɓangare, a tilasta wa 'yan sanda raba taruka, a kuma bi wanda ya tsara tashin hankali da sunansa.

Ko gwamnatin Trump da gaske take yi kan tashin hankalin siyasa, an ga amsa tun ranar 20 ga Janairu, 2025, lokacin da Trump ya yi afuwa ga kusan mutum 1,500 da aka tuhuma da kutsen majalisar dokoki na 6 ga Janairu, 2021, har da waɗanda suka lakaɗa wa 'yan sanda duka. A cikinsu akwai Enrique Tarrio, tsohon jagoran ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayin riƙau ta Proud Boys, wanda kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 22 kan haɗa baki don yi wa gwamnati tawaye, kuma washegarin afuwar ya fita daga kurkuku.