Hangen fadama ba zaman fadama ba

Ƙanena ne ya tayar da maganar, da wani hoto da ya turo mini ta WhatsApp a watan Nuwamban bara. Ya tsaya a kan jinga da yamma liƙis, ruwa ya kwanta luf, shinkafa ta yi jawur tana jiran lauje, ga giginya biyu a tsaye kamar dogarai. Ni kuwa ina tashar bas a wani gari kusa da Manchesta, ƙarfe huɗu da rabi amma duhu ya riga ya rufa, yayyafi na bi ta wuyan rigata. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Yaya, akwai fili a nan bakin ruwa, mai shi zai aurar da 'yarsa ne, yana sauri." Wallahi da a daren nan aka miƙo mini takarda da na sa hannu.

Shekarata tara a Ingila ina aikin jinya, kuma kamar sauran 'yan'uwa da ke nan, duk hirar da muka fara sai ta ƙare a inda mutum zai kafa gida in ya koma. Birnin Kano ya fita daga raina tuntuni: cunkoso, ƙura, da kuɗin fili wanda sai ka ce da zinare aka shafe ƙasar. Zuciyata tana ƙauye. Rigimar ita ce wane ƙauyen, namu na ƙasar Haɗejiya, ko nasu maiɗakina a yankin Rano.

A nan Ingila kyan wuri kuɗi ne. Gida biyu iri ɗaya a layi ɗaya, wanda tagarsa ke kallon teku ko tafki ya fi ɗan'uwansa tsada nesa ba kusa ba. A yankin Konwal masu kuɗin Landan sun saye gidajen bakin teku don hutu kawai, har 'ya'yan masunta da aka haifa a wurin sun kasa samun na zama. A wajenmu abin a juye yake. Duwatsun Riruwai, bakin dajin Falgore, gaɓar Tiga, dabinon Dutse, fadamar Baturiya, babu wanda zai ƙara maka ko sisi a kan fili don yana kallon su. Sau da yawa ma filin da ya fi kyan gani shi ya fi araha. Da farko na ɗauka mutanenmu ne ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba. Yanzu na gane ni ne baƙo, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne.

Kawuna ne ya buɗe mini ido. Da na kira shi a kan filin sai ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, wancan filin na kusa da giginya? A 2020 ta kansa muka bi da kwalekwale muka kai gawar wani makwabci tudu. In gona kake so, bismilla. In kuwa gida ne, to ka haɗa da fatala da koma."

Wanda bai san yankin ba zai ɗauka ruwan sama ne kawai. Ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin Haɗejiya ya sauya hali. Da can yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu ruwa na tafiya kusan duk shekara, shi ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa ta toshe hanyoyin ruwa. In damina ta yi ƙarfi, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan ya iso ƙasa ya tarar da hanya a cushe, sai ya nemi ta cikin gari. Mutanen Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Guri sun ga haka a 2018, sun gani a 2020, sun sake gani a 2022. A Haɗejiya samari kan kwana a kan jinga da buhunan yashi. Tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai su sauka a Baturiya ma sun fi ni dabara: sai kaka suke zuwa, kafin zafin bazara sun kama gabansu. Mu ma 'yan ci-rani haka muke. Disamba muke zuwa hutu, hunturu ya kori sauro, rumbu a cike, kowa na fara'a. Da wannan wata ɗaya muke auna shekara guda.

Batun kuɗi kuwa, nan ne mutanenmu na waje suka fi ruɗuwa. Tun da fam ɗaya ta haura naira dubu biyu a 2024, hayar da nake biya a wata biyu za ta saya mini fegi a ƙauyenmu har da canji. Amma fili daban, gida daban. Siminti bai san ƙauye ba. Buhun da ya haura naira dubu goma a farkon 2024 haka ɗan ƙauye ya saye shi, ya kuma ɗora kuɗin mota, ga mai ya yi tashin gwauron zabi tun cire tallafi a 2023. Rodi da kwano da katako duk daga birni za a ɗauko su, birkila mai kyau ma sai ka kawo shi ka ciyar da shi. Ka gama wannan, sai ka zama gwamnatin kanka: rijiyar burtsatse taka, sola taka, wani lokaci har kwalbatin ƙofar gida. Na yi maganar ginin jar ƙasa, mai soro da azara, wanda ya fi bulo sanyi da bazara, sai maiɗakina ta ce, "Haba Malam, a ce ka yi shekara tara a Turai ka dawo da gidan ƙasa? Da wane ido za mu kalli mutane?" Na bar zancen, amma ban yarda na faɗi ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gidan ƙauye ba ya sayuwa. A nan in gari bai karɓe ka ba, ka sa gida a kasuwa ka ƙara gaba. A ƙauyenmu wa zai sayi gidan miliyoyi? Wa zai kama haya? Ranar da ka zuba dakali, ka auri garin ke nan, aure kuma marar saki. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi kyan wuri da arahar fili nauyi shi ne sanin wa ke da ta-cewa a garin, kuma yaya yake da na sama da shi.

Kada a ɗauka Turawa ba su da matsalar ƙaramar hukuma. Majalisar birnin Birmingham, birni na biyu a girma a ƙasar, ta bayyana a 2023 cewa asusunta ya karye. Aka ƙara wa mazauna haraji, a 2025 kuma masu kwashe shara suka shiga yajin aiki har bola ta yi tsibi a tituna. Sai dai wahalar kan kowa ta faɗa. Ban taɓa jin an tsallake kwandon sharar wani don an san wa ya zaɓa ba. A wajenmu kuwa akwatin zaɓe na da suna. An san akwatin gindin tsamiya, an san na makarantar firamare, an san ƙuri'a nawa kowanne ya ba wa. Akwai ƙauyen da na sani, ba zan kama suna ba, taransifomarsu ta ƙone ta yi shekara biyu a haka. Maƙwabtansu, tafiyar minti goma a babur, tasu ta ƙone aka sauya cikin mako uku. Bambancin, su sun iya zaɓe. Kai kuma da ka dawo da ɗan abin hannunka, ba za a bar ka ka zama ɗan ba-ruwana ba. Ka haƙa burtsatse ka ja famfo waje don jama'a, kafin wata ya ƙare an ce kansila kake nema, ko an ce wane ne ya turo ka. Gaisuwar da ka fara kai wa, da wadda ka jinkirta, duk ana lissafi.

Siyasar sama ma tana saukowa har kan fuloti. Da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991, Dutse ta tashi daga ƙaramin gari ta zama babban birnin jiha, masu gonaki a gefenta suka wayi gari da dukiya. Zamanin Gwamna Saminu Turaki an rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwa. Da Sule Lamiɗo ya zo a 2007 ya tattaro su ya maido Dutse. Ka yi tunanin wanda ya gina gidajen haya don ma'aikata a ɗaya daga garuruwan nan. A Kano kuwa, surukaina sun kwana a ƙarƙashin Sarkin Kano, a 2019 suka tashi a masarautar Rano mai daraja ta ɗaya, a watan Mayun 2024 aka rushe ta, bayan wata biyu aka maido ta a daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Wani zai ce ina ruwan mai neman fili da rawani. Da ruwansa. A takarda, dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka. A zahiri, filin ƙauye awon igiya ne, kuma abin da ke riƙe da shi shi ne shaidar mai unguwa da dagaci da dattawan da suka san iyaka. In rawani ya motsa a sama, sai ka ji wani magaji ya tuno cewa gonar kakansa ce.

Don haka na daina tambayar dillali kuɗi tukuna. Tambayoyina yanzu na tsofaffi ne. Ina ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa? Burtali ya bi ta nan? Masallacin Juma'a nawa ne a garin, kuma in biyu ne, me ya raba su? Dagaci da kansila suna cin abinci a kwano ɗaya? In mace ta fara naƙuda da tsakar dare a watan Agusta, mota na iya shigowa? Wannan ta ƙarshe aikina ne ya koya mini ita, kuma ita ce ta sa yankin su maiɗakina ya fara rinjaye, ko da yake ban faɗa mata ba, kada ta samu abin yi mini gori.

Filin bakin ruwan dai na saya, amma gona, ƙanena na noma shinkafa muna raba amfani. Na roƙe shi in Agusta ta yi nisa ya koma daidai inda ya tsaya ya sake ɗauko mini hoto. Ya turo shekaranjiya. Giginyoyin na tsaye cikin ruwa, wani yaro ya ɗaure kwalekwalensa a jikin ɗaya. Can gefe ana hango sabuwar jingar da aka yi bana, jar ƙasa mai tsayi, ta taho tiryan-tiryan daga garin maƙwabta, ta tsaya cak a iyakar mazaɓarmu.