Keke ba abin kunya ba ne

Wani labari ya ce matasan da suka damu da muhalli sun fi yarda su hau keke ko babur mai caji. Haka ne, amma mu a Sakkwato tsadar mai ce ta fara koya mana. Tun cire tallafi a 2023 ƙanena ya daina hawa kabu-kabu, da keke yake zuwa Jami'ar Ɗanfodiyo. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ya dawo riga sharkaf da gumi, sirdi kamar garwashi. Abokansa na masa dariya wai keke na tsofaffi ne, wallahi abin na ci min rai. Babur mai caji kuwa, da wace wutar za mu caja shi? A dasa dogon yaro a bakin titi, a ware wa masu keke hanyarsu.