Lambar tana cikin akwati, marayun suna tsakar gida

Samarin Damagaram, 'yan uwana 'yan fada, dan Allah ku tsaya ku ji, maganar nan ta daɗe tana cina.

Duk ran da aka kai ma sojojinmu hari, tun gwamnati ba ta yi sanarwa ba sai kaga bidiyon gawarwaki na yawo a WhatsApp, wannan ya tura wancan ya tura, ana shan shayi ana miƙa waya hannu-hannu wai a ga fuska. Wallahi akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, a wayar yaron maƙwabta ta fara ganin gawar mijinta, ba wanda ya zo ya zaunar da ita ya faɗa mata, kawai sai ihu muka ji. 'Yan ta'adda sun kashe shi, amma wannan yankan na biyu mu muka yi mata da yatsunmu.

Ku tuna harin Inates, can kusa da iyakar Mali, 10 ga Disamba 2019, aka kashe mana sojoji 71. Bayan wata ɗaya aka kai na Shinagodar, shi ma a yankin, aka kashe 89. An yi makokin kwana uku, an sassauto tuta. Ƙasa tana da lambar da take ba jarumai, Croix de la Vaillance, har wanda ya kwanta dama ana ba shi, kuma ni ban raina ta ba ko kaɗan, shaida ce mutum ya tsaya inda wasu za su ruga. Yawancinsu fa sa'o'inmu ne, wani tare kuka yi lakwal, wani kabu-kabu yake kafin a ɗauke shi soja.

To amma lambar nan ƙarfe ne da ɗan ƙyalle. Matar zata naɗe ta a zane ta sa ƙasan akwati, gobe da safe yara kunu za su nema, ga kuɗin haya na jira, mu kuma da muka cika Facebook da hotonshi muna rubuta Allah ya jiƙan maza, kafin sadakar arba'in mun manta ƙofar gidan.

In bidiyon ya shigo wayarka goge shi kawai, kar ka tura. Kuɗin shayi da sukari na kwana biyu in an haɗa zai sayi tiyar gero da sabulu. Mu a fadarmu mun sa Juma'a bayan an sauko masallaci za mu je gidan baiwar Allahn nan, babban yaronta bana zai shiga aji uku.