Na'urar goge taga mai gajeren kwana

Wai na'urar nan mai goge gilashin taga da kanta za ta hutar da mutum. Hutu a ina? Iska take zuƙa ta manne a jikin gilashi, to da ƙura ta toshe fankarta, ko robar ƙafafunta ta siɗe, sai ka ga tana santsi wuri ɗaya, ta bar maka zane-zane.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke. Na litiyam ne, yana tsufa ko ana aiki ko ba a yi, ga shi an binne shi can ciki. Garanti na ƙarewa, ka nemi kayan gyara ka rasa. Haba!