Bashi ba zamba ba ne, ko da an sauya masa suna a caji ofis

Kowa a Kano ya san ɗan 419. Amma lambar nan ba daga dokar Arewa ta fito ba. Sashe ne na kundin laifuffuka da Kudu ke aiki da shi tun 1916, wanda aka kwafo daga Kwinsland ta Ostireliya. Arewa tana da nata, Final Kod, da ya fara aiki a 1960 bayan an ɗauko tsarinsa daga Sudan, ita kuma daga kundin Indiya na 1860. A nan damfara tana sashe na 320, cin amana kuma na 311. Daga shekarar 2000, da Zamfara ta buɗe ƙofar aiki da shari'ar Musulunci kan laifuffuka, sai haddi da ƙisasi da ta'aziri suka shiga cikin rubutacciyar doka. A Nijar kuwa tsarin Faransa ake bi, laifi hawa uku ne gwargwadon nauyinsa.

Yawan sunayen bai dame ni ba. Damuwata ita ce rabe-raben da ya fi kowanne muhimmanci, wanda alƙalanmu suka daɗe da sani: jinaya daban, madaniyya daban. A jinaya hukuma ce ke gurfanar da mutum, kuma yana iya ƙarewa a gidan yari. A madaniyya mutum biyu ne ke jayayya kan haƙƙi, abin da ake nema a biya.

To ga inda ake wasa da suna. Ɗan kasuwa ya karɓi kaya bashi, ciniki ya ƙi, ya kasa biya. Mai kaya ya san kotu za ta ɗauki lokaci, sai ya nufi caji ofis ya ce an yi masa "zamba cikin aminci". Da wannan lafazi kaɗai bashi ya zama laifi, magidanci ya kwana a bayan kanta, dangi su shiga karo-karo. Alhali damfara sai an nuna tun farko da niyyar yaudara ya karɓi kayan.

Na san haushin mai bin bashi, kuma akwai macuta da ke fakewa da "ai bashi ne". Sai dai tantance su aikin alƙali ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Mu ma 'yan jarida da hannunmu a ciki, domin duk sunan da aka rubuta a takardar tuhuma shi muke karantawa a rediyo, ba ma tambayar ko kuɗin rance ne.